Ƙasan Takardar Ƙuri'a: Nazari kan Zaɓukan Gundumomi a Amurka

A zaɓen watan Nuwamban 2018, duk wanda ya je jefa ƙuri'a a gundumar Harris ta jihar Teksas, inda birnin Houston yake, ya tarar da takardar da ba ta tsaya kan sanata da gwamna ba. A ƙarƙashinsu akwai kujerun alƙalai fiye da 50, ga shugaban gunduma, ga kwamishinoni, ga magatakarda, ga ma'aji. Da aka gama ƙidaya, jam'iyyar Democrat ta kwashe kujerun alƙalan kaf. Lina Hidalgo, mai shekara 27, ta kayar da Ed Emmett wanda ke shugabancin gundumar tun 2007. A lokacin dokar jihar ta yarda mutum ya danna sau ɗaya ya zaɓi jam'iyya daga sama har ƙasa, kuma a shekarar ne takarar Beto O'Rourke ta neman kujerar sanata ta fito da jama'ar birni ƙwansu da ƙwarƙwatarsu. Alƙalan kirki da na banza duk guguwa ɗaya ta tafi da su, sababbin kirki da na banza kuma guguwar ce ta shigo da su.

Tambayar da wannan nazari ke bi ita ce: idan an ce jama'a sun zaɓi mutum, alhali yawancinsu ba su taɓa jin sunansa ba, me ya yanke hukuncin? Amsar da bayanai ke nunawa ita ce, a irin waɗannan ƙananan kujeru, ƙa'idojin da ba a cika kula da su ba su ne ke da rinjaye: ranar da aka sa zaɓen, yadda aka shata mazaɓu, da ko an rubuta sunan jam'iyya kusa da na ɗan takara ko ba a rubuta ba.

Amurka na da gundumomi sama da 3,000. A Luwiziyana da Alaska suna da wasu sunaye na daban, a Connecticut kuma an soke gwamnatin gunduma tun 1960. Girmansu ba ya kama da juna ko kaɗan: gundumar Los Angeles na da mutum kusan miliyan 10, gundumar Loving ta Teksas kuwa mutum 64 aka ƙirga a cikinta a 2020. Idan aka haɗa da birane da garuruwa da hukumomin makarantu da na ruwa da na kashe gobara, ƙananan gwamnatocin ƙasar sun kai wajen 90,000, zaɓaɓɓun jami'ai kuma kimanin rabin miliyan. Shugaban ƙasa da 'yan majalisar tarayya ba su cika mutum 600 a cikin wannan adadi ba.

Tsarin ya samo asali ne daga guguwa biyu masu karo da juna. Ta farko ta taso a zamanin Shugaba Andrew Jackson, wajen shekarun 1830, lokacin da aka ɗauki naɗi a matsayin hanyar da masu hannu da shuni ke raba muƙamai a tsakaninsu. Maganin da aka gano shi ne a zaɓi kowa: shugaban 'yan sandan gunduma, mai gabatar da ƙara, mai ƙiyasta haraji, har da mai binciken gawa. Ta biyu ta zo a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, lokacin da 'yan gyara suka ga iyayen gidan jam'iyyu sun mallake wannan doguwar takarda. Sai suka cire sunan jam'iyya daga zaɓukan makarantu da na alƙalai a jihohi da dama, suka kawar da ranakunsu daga ranar babban zaɓe, suka kuma mayar da gari gaba ɗaya mazaɓa guda. Niyyarsu ita ce su raba ilimi da shari'a da siyasa. Abin da ya faru shi ne siyasar ta koma hannun 'yan ƙalilan da ba su manta ranar zaɓe.

Mai karatu a Najeriya, wanda ya saba ganin jam'iyyar gwamna ta lashe kusan kowace kujera a zaɓen ƙananan hukumomi, sakataren ilimi naɗaɗɗe ne, alƙali ma naɗaɗɗe, zai iya yi wa wannan tsari kallon kitse. Da sauran magana.

Kwamishinoni da taswira

Cikin kujeru ukun da wannan nazari zai duba, wato ta kwamishina da ta hukumar makarantu da ta alƙali, ta kwamishinan gunduma ce ta fi dacewa da zaɓe, domin aikinta rabon arziki ne: kasafin kuɗi, harajin gidaje da filaye, hanyoyin karkara, gidan yari, asibitin gunduma, izinin gini. Irin wannan hukunci ba shi da amsa ɗaya ta ƙwararru, dole wani ya samu wani ya rasa, don haka ya kamata masu biyan harajin su iya korar mai rabon. Matsalar a nan ita ce wa ake ƙirgawa.

Gundumar Midland ta Teksas ta ba da misalin da ya kai Kotun Ƙoli. An raba ta mazaɓu huɗu, kowace da kwamishina ɗaya. Mazaɓar da ta ƙunshi birnin Midland na da mutum 67,906. Sauran ukun na da 852 da 828 da 414. Wato mutanen da ba su kai kashi 5 cikin 100 ba su ne ke da kujeru uku. Magajin garin, Hank Avery, ya kai ƙara, kuma a 1968 kotun ta ce ƙa'idar daidaita nauyin ƙuri'a ta hau kan gundumomi kamar yadda ta hau kan majalisun jihohi.

A kudancin ƙasar dabarar ta bambanta. Gundumar Lowndes ta Alabama, inda baƙaƙen fata suka kai kusan kashi 80, ta shiga 1965 ba tare da ko ɗayansu a rajistar zaɓe ba. Bayan Dokar 'Yancin Zaɓe ta wannan shekara, suka kafa jam'iyyarsu ta gunduma mai alamar baƙar damisa, suka tsaya takara a 1966 suka faɗi, sai a 1970 John Hulett ya ci kujerar shugaban 'yan sandan gundumar. A inda baƙaƙen fata ba su da rinjaye kuwa, ba a ma bukatar hana su rajista. Ya isa a ce gunduma gaba ɗaya ce ke zaɓen kowace kujera, sai kashi 60 na jama'a su kwashe kujeru duka. Gyaran da aka yi wa dokar a 1982, da hukuncin shari'ar Gingles a 1986, su suka buɗe ƙofar ƙalubalantar wannan tsari, aka tilasta wa gundumomi da hukumomin makarantu masu yawa su koma mazaɓu. A gundumar Chilton ta Alabama, inda baƙaƙen fata ba su taru a unguwa ɗaya da za a shata musu mazaɓa ba, an bi wata hanya: kujeru bakwai, kowane mai zaɓe ƙuri'a bakwai, yana iya zuba su duka kan mutum ɗaya. Da haka Bobby Agee, baƙar fata, ya shiga majalisar kwamishinonin gundumar a 1988. Ra'ayin mazauna gundumar bai sauya cikin dare ɗaya ba. Lissafin ne aka sauya.

Ko an gyara taswira, sa ido wani abu ne daban. Gundumar Jefferson, ita ma a Alabama, ta bayyana fatarar kuɗi a Nuwamban 2011 da bashin da ya haura dala biliyan 4, akasarinsa daga aikin magudanun ruwa da wasu yarjeniyoyin lamuni masu sarƙaƙiya da zaɓaɓɓun kwamishinoni suka sa wa hannu. An ɗaure tsohon shugaban majalisar, Larry Langford, shekara 15 kan cin hanci. Masu binciken tarayya ne suka bankaɗo lamarin, akwatin zaɓe bai gano komai ba sai da kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabo. A gundumar Los Angeles kuwa mutum biyar ne kacal ke riƙe da kasafin da ya wuce dala biliyan 40, kowannensu na wakiltar kusan mutum miliyan 2. Sai a 2024 masu zaɓe suka amince a faɗaɗa majalisar zuwa mutum tara.

Wani aikin kwamishinoni a wasu jihohi da kusan ba wanda ya san da shi kafin 2020 shi ne tabbatar da sakamakon zaɓe. A Yunin 2022 majalisar gundumar Otero ta jihar New Mexico, mai mutum uku, ta ƙi sa hannu kan sakamakon zaɓen fid da gwani saboda wai ba ta yarda da na'urorin ƙidaya ba, sai da Kotun Ƙolin jihar ta umarce ta. Haka aka yi a gundumar Cochise ta Arizona a ƙarshen shekarar. Kujerar da aka ci da 'yan dubban ƙuri'u tana iya tsayar da ƙidayar jiha.

Hukumar makarantu da kalanda

Yankunan makarantu a Amurka sun haura 100,000 a wajen 1940. Haɗe-haɗe ya rage su zuwa kimanin 13,000. A Fulorida da West Virginia kowace gunduma yankin makarantu ce guda, a wasu jihohin kuma gunduma ɗaya na iya ƙunsar gommai. Mambobin hukumar, galibi biyar zuwa tara, sau da yawa ba su da albashin kirki ko ma ba su da shi sam, amma su ke ɗaukar babban jami'in ilimi su sallame shi, su ke sa hannu kan kwantiragin malamai, su ke rufe makaranta ko buɗe ta. Kusan kashi 45 na kuɗin makarantun gwamnati daga cikin gida yake fitowa, mafi yawa daga harajin gidaje.

A nan kalanda ce sarki. Zaɓen da aka sa a watan Afrilu ko Mayu na shekarar da babu takarar shugaban ƙasa ko ta gwamna, ba abin mamaki ba ne a ga mutum ɗaya cikin goma ne ya fito. Sarah Anzia, masaniyar kimiyyar siyasa, ta nuna a littafinta na 2014 cewa idan fitowa ta yi ƙasa haka, ƙungiyoyin da ke da tsari su ke cin riba, kuma ta gano cewa a yankunan da ke zaɓe a irin waɗannan ranaku albashin gogaggun malamai ya ɗara na sauran da kimanin kashi 3. Ba laifi ba ne malami ya samu ƙarin albashi. Abin lura shi ne ranar zaɓe ce ta samar da shi, ba muhawara kan darajar aikinsa ba. Wani binciken da Vladimir Kogan da abokan aikinsa suka fitar a 2021 daga jihohi huɗu ya ƙara da cewa akasarin masu zaɓen hukumomin makarantu ba su da yara a makarantun, kuma farar fata sun fi yawa a cikinsu fiye da yadda suke a cikin ɗalibai.

Yankin East Ramapo a jihar New York ya nuna ƙarshen inda wannan giɓi ke kaiwa. Yaran da ke makarantun addini masu zaman kansu na Yahudawa masu riƙon gargajiya sun ninka na makarantun gwamnati, waɗanda galibinsu baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka. Iyayen rukuni na farko suna biyan haraji, suna da cikakken haƙƙin zaɓe, kuma suna fitowa a tare. Suka samu rinjaye a hukumar, aka rage ɗaruruwan guraben aiki a makarantun gwamnati, kuɗin jigilar ɗaliban makarantu masu zaman kansu kuma ya ƙaru. Babu wanda ya sace akwati. A 2020 wata kotun tarayya ta yanke cewa tsarin mazaɓa guda ya saɓa wa Dokar 'Yancin Zaɓe, aka raba yankin mazaɓu.

Adalci ne a faɗi inda zaɓen ya yi aikinsa. A garin Dover na Fensilbaniya, hukumar makarantu ta sa a riƙa karanta wa ɗalibai wata sanarwa mai jefa shakku kan ka'idar Darwin a ajin kimiyya. A Nuwamban 2005, tun kafin alƙalin tarayya John Jones ya yanke hukunci a Disamba kan ƙarar da aka kai game da sanarwar, mutanen garin suka kayar da mambobi takwas da suka nemi komawa. A San Francisco ma, a Fabrairun 2022, an yi wa mambobi uku kiranye bayan hukumar ta shagala da sauya sunayen makarantu alhali azuzuwa na rufe saboda korona. A duka biyun, batun ɗaya ne, a fili yake, kuma 'yan jarida sun yi ta yayata shi.

Daga 2021 kiɗan ya sauya. Rikicin takunkumin fuska, da koyar da tarihin wariyar launin fata, da littattafan da ke ɗakunan karatu, ya jawo siyasar ƙasa cikin waɗannan kujeru. An kafa ƙungiyar Moms for Liberty a Fulorida a farkon shekarar, gwamna Ron DeSantis kuma ya fito ya goyi bayan 'yan takarar hukumomin makarantu a 2022, abin da gwamnoni ba su saba yi ba. A 2024 an nemi a gyara tsarin mulkin jihar don a riƙa rubuta jam'iyya a takardar. Kusan kashi 55 suka yarda, amma kashi 60 ake bukata, gyaran ya faɗi. Hujjar masu goyon baya ba ta banza ba ce: tunda jam'iyyu na ciki a ɓoye, gara a bayyana su. Sai dai alamar jam'iyya na gaya wa mai zaɓe ra'ayin ɗan takara kan zubar da ciki da bindiga, ba ta gaya masa ko ya iya karanta kasafin kuɗi.

Alƙali mai neman ƙuri'a

A nan ne tsarin ya fi cin karo da kansa. Alƙalan tarayya naɗa su ake yi har ƙarshen rayuwa, amma mafi yawan shari'o'in Amurka a kotunan jihohi da gundumomi ake yin su, kuma jihohi 39 na amfani da wani nau'in zaɓe ga aƙalla wasu alƙalansu. Misisipi ce ta fara zaɓen dukkan alƙalanta a 1832, New York ta bi a 1846, daga nan abin ya bazu. A 1940 Mizuri ta ɓullo da hanyar tsakiya: kwamiti ya tace sunaye, gwamna ya naɗa, bayan wani lokaci a tambayi jama'a ko alƙalin ya ci gaba ko ya sauka, ba tare da abokin hamayya ba. Ƙasashen da suka bi Amurka a wannan hanya kaɗan ne. Bolibiya ta fara a 2011, Meziko a 2025, inda kimanin kashi 13 suka fito.

Kwamishina idan ya bi son jama'a ya yi aikinsa. Alƙali kuwa wani lokacin aikinsa shi ne ya ƙi bin son jama'a, ya saki wanda gari ya tsana idan hujja ba ta cika ba. Bincike ya nuna abin da ke faruwa idan aka rataya masa zaɓe a wuya. Gregory Huber da Sanford Gordon sun duba shari'o'i sama da 22,000 a Fensilbaniya, suka wallafa a 2004 cewa hukuncin ɗauri na ƙara tsawo yayin da zaɓen alƙali ke matsowa. Carlos Berdejó da Noam Yuchtman sun sami kusan haka a jihar Washington a 2013: ƙarin kimanin kashi 10 a ƙarshen wa'adi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan alƙali ya tsananta fiye da kima, fursuna da danginsa ne kawai suka sani. Idan ya sassauta, wanda aka saki ya sake aikata laifi, hotonsa zai fito a tallan abokin hamayya. A Alabama, har zuwa 2017, alƙali na iya ture shawarar masu taya shi shari'a ta ɗaurin rai da rai ya yanke hukuncin kisa, kuma an yi haka kusan sau 100. Mai shari'a Sonia Sotomayor ta Kotun Ƙoli ta danganta wannan da matsin zaɓe a wani ra'ayin saɓani da ta rubuta a 2013.

Labarin Aaron Persky na gundumar Santa Clara a Kalifoniya ya raba kan masu neman gyara su kansu. A 2016 ya yanke wa wani ɗalibin jami'ar Stanford wata shida kan cin zarafin wata mata, hukuncin da ya fusata ƙasar. A Yunin 2018 aka yi masa kiranye da ƙuri'u sama da kashi 60, karo na farko da aka yi wa alƙali haka a jihar tun 1932. Ana iya cewa hukuncin nasa ya yi sauƙi ƙwarai, ni ma haka nake gani. Amma binciken da Gordon da Sidak Yntiso suka yi daga baya ya nuna sauran alƙalan jihar sun tsaurara hukunci bayan an fara yaƙin kiranyen, kuma waɗanda wannan ya faɗa wa ba 'ya'yan masu hali da ke Stanford ba ne.

Sai batun kuɗi. A 2004 Don Blankenship, shugaban kamfanin kwal na Massey, ya kashe kimanin dala miliyan 3 don Brent Benjamin ya shiga babbar kotun West Virginia, a daidai lokacin da hukuncin diyyar dala miliyan 50 a kan kamfanin ke hanyar zuwa kotun. Benjamin ya ci, ya ƙi janyewa daga shari'ar, ya kuma kasance cikin waɗanda suka soke diyyar. A 2009 Kotun Ƙoli ta ce ya kamata ya janye, da rinjayen 5 da 4. A 2015, da irin wannan rinjaye, ta amince jiha ta hana ɗan takarar alƙali roƙon gudummawa da bakinsa, a shari'ar wata lauya da ta nemi kujerar kotun gunduma a Fulorida. Kwamitinsa dai na iya roƙa, shi kuma yana iya rubuta wasiƙar godiya. A matakin gunduma, masu bayarwar galibi lauyoyin da za su tsaya gabansa ne.

Inda babu kuɗi kuma babu alamar jam'iyya, suna ne ke aiki. A 2006, a gundumar Los Angeles, Lynn Olson, lauyar da ta daɗe da barin aikin lauya tana gudanar da gidan burodi, ta kayar da Dzintra Janavs, alƙaliya mai shekara 20 a kan kujera wadda ƙungiyar lauyoyi ta ba shaida mafi girma. Masu sharhi da yawa sun ɗora abin kan baƙon sunan Janavs. Gwamna Arnold Schwarzenegger ya sake naɗa ta a wata kujerar.

Maganin ƙarancin fitowar masu zaɓe da aka fi gwadawa a 'yan shekarun nan shi ne haɗe ranakun zaɓe. Kalifoniya ta yi doka a 2015 mai tilasta wa ƙananan hukumomin da fitowarsu ta yi ƙasa sosai su koma ranar zaɓen jiha, kuma fitowa ta ƙaru a inda aka bi. Sai dai mutumin da takarar shugaban ƙasa ta fito da shi, idan ya iso ƙasan takarda, ko dai ya tsallake, ko ya bi jam'iyya, ko ya bi suna. An ƙara yawan masu zaɓe, ba a ƙara abin da suka sani ba.

Gundumar Cook, inda Cikago take, ta nuna abin da ke faruwa idan bayanin ya samu. A can alƙali na bukatar kashi 60 na masu cewa ya ci gaba, kuma daga 1990 ba wanda ya rasa su har tsawon shekara 28. A 2018, bayan wata ƙaramar kafar labarai mai zaman kanta, Injustice Watch, ta bi tarihin alƙalan ɗaya bayan ɗaya, ƙungiyoyi suka ɗauki batun, jam'iyyar Democrat ta gundumar ta janye goyon bayanta daga alƙali Matthew Coghlan, ya faɗi. Cook na da mutum sama da miliyan 5 da masu ba da tallafin irin wannan aiki. A faɗin ƙasar kuwa, ƙididdigar makarantar koyon aikin jarida ta jami'ar Northwestern ta nuna an rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na jaridu tun 2005, kuma gundumomi sama da 200 ba su da ko kafar labarai ɗaya ta gida da za ta tura wakili zauren majalisar kwamishinoni ko zaman kotu.